Reshen da Habila Bai Gitta Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, tun zamanin da kakanninmu suka fara karɓar bishara, sunansa Habila. Ba zan faɗi garinsu ba, kada wani ya tashi ya ce kakansa ne. Habila bai iya karatu ba, bai iya waƙa ba. In an ce ya yi addu'a cikin taro, gumi ya gama wanke shi kafin ya kai ga amin. Abu ɗaya ya sani, shi ne daji.

Wata shekara ƙasar garinsu ta gaji. A shuka dawa, ta fito ta tsaya iya gwiwa. Sai gida goma sha biyu na masu bi suka ɗaura niyyar ƙaura zuwa wani daji mai nisan kwana huɗu, inda maharba suka ce akwai ƙorama da baƙar ƙasar da fartanya ba ta taɓa shiga ba. Dattijonsu Baba Obadiya shi ne a gaba. Yana da 'ya ɗaya, Afiniki, kuma mutum biyu ke neman aurenta: Habila, da wani saurayi Filibus, mai yi wa jama'a karatu ran Lahadi, ga murya ga iya magana. Baba Obadiya ya ce ba ya zancen aure a kan hanya. In an isa an kafa bukkoki, yarinya za ta faɗi wanda take so da bakinta.

Ranar tashi, jakin Filibus ya wayi gari yana ɗingishi, alhali shi ne zai ɗauki irin shukar jama'a. Aka shirya Filibus ya tsaya kwana biyu jakin ya ji sauƙi, sannan ya biyo sawu shi kaɗai.

To, ku saurara, don yaran yanzu ba su san wannan ba. A dajin da babu gari, hanya ba ta ɗan Adam kaɗai ba ce. Ɓauna na da tata, giwa na da tata, kuma tasu ta fi tamu faɗi. Saboda haka in matafiya sun zo mararraba, mutum na ƙarshe yakan sari ɗanyen reshe ya gitta a bakin hanyar da ba a bi ba. Wanda ya biyo baya, da ya ga reshe ya san an rufe nan. Babu allo, babu rubutu, reshen nan ne kawai. Wannan aikin Habila aka ba, domin bai taɓa kuskure a cikinsa ba.

Rana ta uku suka iso wata mararraba a gindin tsamiya. Ta hagu ƙarama ce, ita ke zuwa ƙorama. Ta dama mai faɗi ce, sawun ɓauna, tana gangarawa wani kwari da ba ɗigon ruwa sai damina. Habila ya zare adda ya sari reshen kalgo. Yana ɗaga ƙafa zai gitta shi, sai ya ji ƙara a gabansa. Afiniki ce ta taka ƙaya, ta zauna a ƙasa, ga ƙudajen tsando masu cizo sun yanyame ta. Ya ruga da reshen a hannu, ya miƙa mata ya ce, "Riƙe ki kore su." Ya durƙusa ya cire ƙayar da ɗan hantsakinsa. Ta dube shi ta yi murmushi, abin da ba ta taɓa yi masa ba. Ya ɗauki kayanta ya ɗora a kan nasa, suka bi bayan jama'a, tana fifita da reshen, shi kuma ƙafarsa ba ta ma taɓa ƙasa. Ku samarin da ke dariya a can baya, na gan ku. Da ku ne, da addar ma kun bar ta a can.

Aka isa, aka fara sara da kafa bukkoki. Ranar da ake sa ran Filibus ta zo ta wuce. Kashegari ma ta wuce. Ga hadari yana haɗuwa a gabas kowace yamma, ga gonaki an share, babu ƙwayar iri ko ɗaya. Kun san bakin mutane in tsoro ya shiga. Wani ya ce dama yaron nan bai so ƙaurar ba. Wani ya ce ai iri yana tsada a kasuwa bana. Kafin rana ta yi tsaka, Filibus ya zama ɓarawo a bakin waɗanda jiya suke cewa amin ga addu'arsa.

Habila ya taho da damin ciyawa a ka, ya bi ta ƙofar bukkar Baba Obadiya. Ya ɗaga ido, sai ga busasshen reshen kalgo an soke shi a jinka, inda Afiniki ta adana shi. Ya tsaya cak. Ya ƙirga mararrabun hanyar nan a zuci: bakwai ne. Ya ƙirga rassan da ya gitta: shida. Ya sake ƙirgawa, shida. 

Bai gama sauke ciyawar ba aka kira taro a inuwar wani marke. Baba Obadiya ya miƙe, ransa a ɓace, ya ce, "In yaron nan ya gudu da irinmu, to ya cire kansa daga maganar 'yata. Amma ba na yanke wa mutum hukunci a kan zato. Habila, kai ne a baya. Ka rufe kowace hanya?"

Jama'a, ku dubi inda mutumin nan yake tsaye. Kalma ɗaya ce. In ya ce i, kowa zai yarda, don bai taɓa kuskure ba. In ya ce i, Afiniki tasa ce. Daji ba zai ba da shaida ba, Filibus kuwa in ƙishirwa ta gama da shi ba zai dawo ya yi musu ba. Kuma kada ku ɗauka zuciyarsa ba ta raya masa ba. Ta raya masa sarai. Yana son yarinyar nan kamar ransa, ga ta zaune kusa da uwarta, kanta a sunkuye. 

Baba Obadiya ya ce, "Da kai nake magana, ɗana."

Habila ya ce, "Baba, ban rufe ta gindin tsamiya ba."

Ya ci gaba da bayani a gaban kowa.

"Na sari reshen, hankalina ya tafi wani wuri, na wuce da shi. Filibus ba ɓarawo ba ne. Yana kwarin ɓauna, kuma ni na tura shi."

Bai ambaci ƙaya ba, bai ambaci sunan kowa ba. Baba Obadiya ya dube shi ya ce, "Ran mutum aka sa a hannunka ka yi wasa da shi. In yaron nan ya mutu, kada ka ƙara taka ƙofata."

Habila ya cika gora biyu ya kama hanya, wasu maza uku suka bi shi amma ya bar su a baya. Da hantsin kashegari ya iso tsamiya. Ga sawun jaki nan ya miƙe ya bi dama. Ya gangara kwarin yana kira, ba amsa. Rana ta take, ƙasa na ƙuna, bai yarda ya kurɓi ruwan ba. Can ya hango ungulaye suna kewaya wuri ɗaya. Ya ce, "Ya Ubangiji Yesu, kada ka bar shi ya biya laifina." Wannan ita ce addu'a mafi tsawo da ya taɓa yi ba tare da in'ina ba.

Jakin ne ya mutu. Filibus yana can gindin wani dutse, kwance a kan buhunan irin, leɓunansa sun tsattsage, ido a rufe. Habila ya tallafo kansa yana ɗiga masa ruwa kaɗan kaɗan. An daɗe kafin ya buɗe ido. Da ya gane shi, ya ce da wata murya da kyar ake ji, "Ba ka rufe ba."

"Ban rufe ba, ɗan'uwa. Na faɗa wa kowa."

Filibus ya kau da kai. Habila ya goya shi, sauran da suka iso suka ɗauki irin. Kwana biyu da komawarsu ruwa ya sauka, aka yi shuka. Filibus ya yi wata guda a kwance, kuma Habila ne ya nome masa gonarsa kafin ya taɓa tasa. Gafara ba ta zo da wuri ba, amma ta zo.

Ran Lahadin da aka gama rufin ɗakin sujada, Baba Obadiya ya cika alkawari, ya ce Afiniki ta yi magana. Habila yana can bakin ƙofa, ya riga ya fid da rai. Ta tashi da busasshen reshen nan a hannunta.

Ta ce, "Baba, a hannuna reshen yake. Ranar da ka yi tambaya na gane ko na mene ne, tsoro da kunya suka rufe mini baki. Na zauna ina jiran abin da Habila zai ce. Da ya ce i, da na aure shi, da kuma na ƙare rayuwata ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin da na san ya bar ɗan'uwansa ya mutu saboda ni. Ya zaɓi ya rasa ni da ya yi ƙarya. Shi nake so."

Baba Obadiya ya share hawaye da bakin rigarsa. Filibus ne ya yi karatu ranar ɗaurin auren.

'Yan'uwa, abin da nake so ku tafi da shi gida ke nan. Allah bai nemi mutumin da ba ya kuskure ba, domin babu shi. Mutumin da yake nema shi ne wanda zai faɗi kuskurensa tun akwai sauran lokacin ceton wanda kuskuren ya cuta, ko da faɗin zai raba shi da abin da ya fi so a duniya. A cikinmu nan akwai mai reshe soke a jinkarsa. Akwai wanda ake zagi a unguwa, ko aka kora daga aiki, ko aka daina gaisarwa a ikilisiyar nan, saboda abin da kai ka yi, kuma kai kaɗai ka sani. Kana cewa sai gobe. Wanda ke kwance a kwarin nan, ruwan gorarsa ba zai kai gobe ba. In mun tashi daga nan, kada ka tsaya gaisuwa a ƙofa. Ka je ka same shi yau.