Kwalaben Sharba na Gidan Su Hazim

Akwai wani yaro a unguwarmu ta Damanhur mai suna Hazim, wanda tun yana aji ɗaya a sakandare kowa ke kiransa "Dokta". Mahaifiyarsa Nawal kuwa, ko biredi ta je saya sai an ce, "Sannu, Uwar Dokta." Ita ma ba ta taɓa cewa a bari sai ya zama ba.

Gaskiya Hazim yana da kai. Shafi guda zai kalla ya karanto maka shi har da waƙafi. Wannan ne ya kumbura shi.

A shekarar ƙarshe, kamar yadda aka saba, ajin ya watse, kowa ya koma darasin kuɗi a waje. Sai 'yan tsiraru suka rage wa Ustaz Midhat, malamin ilimin halittu. Shi ba ya bayar da hadda. Da'ira yake zanawa a tsakiyar allo, ya rubuta "ƙoda" a ciki, sannan ya ja kibiyoyi zuwa jini, zuwa zuciya, zuwa gishiri.

Wata rana Hazim ya leƙo ajin, ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya.

"Ustaz, karatu ake ko saƙar gizo-gizo?"

"Shigo, ɗana," in ji malamin. "Ka san kowane ɗaki a gidan nan, amma ba ka san ƙofar da ta haɗa su ba."

"Littafin duka yana kaina, Ustaz. Zane sai su Wagdi."

Wagdi maƙwabcinsu ne, mai jinkirin fahimta. Yana zaune a ajin, ya ci gaba da kwafar kibiyoyinsa.

Ranar jarrabawa, tambayoyin ba su ce a kawo abin da ke shafi kaza ba. Cewa suka yi: idan ƙoda ta gaza, me zai sami zuciya, kuma ta wace hanya? Hazim ya san babin ƙoda. Ya san babin zuciya. Ya yi ta karanto su a ransa ɗaya bayan ɗaya, bai ga inda suka gamu ba har aka karɓe takarda.

Nawal ta riga ta sayi kwalaben jar sharba, abin sha mai zaƙi da ake raba wa maƙwabta ranar sakamako, ta jera su a kan firji.

Da sakamako ya fito, guɗa ta tashi, amma daga barandar su Wagdi. Hazim ya ci, sai dai makinsa bai ko kusanci ƙofar likitanci ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne Nawal. Da la'asar ta zuba kwalaben a jaka, ta miƙa wa ɗanta.

"Kai wa maman Wagdi. Baƙi sun yi mata yawa, nata ba zai isa ba."

Yanzu Hazim yana tsaron shagon wayoyi na kawunsa. Har yau mutane suna ce masa, "Dokta, sa mini caji." Ba da mugunta suke faɗa ba, bakinsu ne ya saba. Shi kuma yana amsawa.

Darasi: Tara ilimi a ka ba tare da sanin yadda wannan ya haɗu da wancan ba, wahala ce kawai. Kada ka raina malamin da ke zana maka hanya. Ka tura wannan labari ga ɗalibin da ka sani tun bai shiga ɗakin jarrabawa ba.