Daddawar Baɗi

An yi wani Ciyaman da ya ciyo bashin gina tasha, ya jinginar da harajin kasuwa. Da masu bashi suka matsa, sai ya ce kowa ya biya harajin baɗi yau, ko ya rasa rumfarsa.

Ladingo mai daddawa, wadda marigayi mijinta ne ya kafa mata tata rumfar, ta je gabansa ta durƙusa, ta miƙa masa ƙwarya rufe da faifai.

"Ranka ya daɗe, sayi daddawar baɗi, in samu na biyanka."

Ya ɗaga faifai. "Iya, ai babu komai!"

"Ɗorawar ce ba ta yi fure ba tukuna."

"To wa zai biya kuɗin abin da bai zo ba?"

"Yallaɓai, tambayar da ta kawo ni ke nan."

Ciyaman ya sosa ƙeya, ya ce haraji ya jira ɗorawa.