Mantau da Soron Fadama

A zamanin da dajin Gwarjo bai san gatari ba, an yi wani maharbi, Mantau ɗan Kyauta, wanda maroƙa ke ce wa, "Na Kyauta, kwana inda ɓauna ta kwana." An ce kunnensa yana jin tafiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya shigo da gida goma sha ɗaya da yunwa ta koro daga arewa. Suka yi damina ɗaya a bukkoki, Allah ya ba su gero mai yawa. Saura wurin gina gidaje da rumbuna, don wannan geron ne zai riƙe su har wata kakar.

Mantau ya riga ya zaɓa. Ya lura ɓauna ba ta kwanciya a fadama, kuma a jikin giginyoyin wurin ya ga tsohuwar ciyawa maƙale daidai ƙirjin mutum, shaidar inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Ya ce a hau tudu, a juya wa gabas baya, tunda daga can hadari ke tasowa.

Sai ga wani magini daga birni, Tambai, da babbar riga da igiyar awo da baki kamar ganga. Ya dubi tudun ya yi dariya, ya ce birai ke zama a can. A fadama ƙasa shimfiɗe take, ga ruwan kwaɓa kusa, kuma in ƙofa ta dubi gabas, fatake za su ga zanen soro daga hanya. Mutanen da jiya-jiya suke cin tafasa ba gishiri, yau su ne ke son fatake su yaba musu zane. Gida goma suka bi shi.

Abin ya yi wa Mantau ciwo, amma rainin da ya yi musu ya fi ciwon yawa. Ya hau tudunsa, ya gina ɗakuna gajeru masu jinka a bayan wani dutse, ya ɗora rumbunsa bisa duwatsu. Daga nan yake hango su suna shafe bango da makuba, ya tofar da yawu.

Da marka ta zauna, ruwa ya kwana uku yana dukan ƙofofin gabas, rafi kuma ya dawo tsohuwar hanyarsa. Sorayen suka narke kamar gishiri a miya, gero ya jiƙe ya tsiro a cikin taɓo. Gida goma suka hauro tudu da 'ya'ya a kafaɗa, ba mai iya ɗaga kai. Mantau ya buɗe rumbunsa saboda yaran, ya riƙa aunawa da ƙoƙo, da ƙyar aka ga kaka.

Tambai ma ya zo, riga duk laka, yana roƙon wurin fakewa.

Mantau ya ce, "Akwai wuri, gwani. Zagaya bayan ɗaki ta gabas, ka tsaya ka ji abin da bango ke sha."

Tambai bai kai asuba a garin ba.

Har yau a Tudun Mantau ba ƙofar da ke duban gabas, kuma ba a haƙa harsashi sai mai gida ya yi damina guda yana duban filinsa. Fadamar kuwa sunanta Soron Tambai, kuma kwaɗi ne masu gidan.