Jinkar da Ta Ƙi Tashi

Akwai wani maigida wanda ya cinye rani guda yana gina zaure. Shi ya kwaɓa ƙasa, shi ya yi tubali, shi ya jera, har tafin hannunsa ya yi kanta. Zaure ne ba na wasa ba, mutum talatin za su zauna a ciki su miƙe ƙafa. Da gini ya kai, sai ya haɗa jinkarsa a ƙasa kamar yadda aka saba, ya ɗaure tanka, ya baibaye ta da ciyawa. Abu ɗaya ya rage, a ɗaga ta a ɗora kafin ruwan fari ya sauko, gama ginin ƙasa in ba rufi, ruwa guda ya isa ya mai da shi laka.

To, mutumin nan yana da wani hali: ya iya tankaɗe mutane kamar gari. Da ranar ɗaga jinka ta zo, danginsa kawai ya aika wa, masu harshensa da tsaga irin tasa. Mutum goma sha ɗaya suka zo.

A ƙetaren hanya kuwa, a gindin ɗorawa, akwai masu neman abincinsu. Ga Bafulatani mai kiwo, ga wani ɗan kudu mai gyaran keke, ga zabiya mai tufkar igiya wanda yara ke gudu in sun gan shi. Ga wata gwauruwa mai ƙosai. Ga kuma wani ɗan daudu mai tuwo-tuwo, wanda kowa ke cin girkinsa amma ba mai miƙa masa hannu a gaisa. Da hantsi suka ƙetaro suka ce, "Sannu da aiki, maigida. Ko mu kama muku?"

Ya ce, "A'a, mun isa. Aikin gida ne."

Suka koma gindin ɗorawa.

Dangi suka kewaye jinka, suka kama, suka yunƙura. Ta tashi zuwa gwiwa, sai gefen da ba kowa ya rinjaya, ta koma ƙasa tim! Suka sake kamawa. Wannan karo har wata gwangwala ta yi ƙara kamar za ta karye. Suna cikin share gumi sai iska ta juya. Maigida ya ɗaga kai, ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya taso gadan-gadan. Ya ga aikin rani guda zai narke a gaban idonsa.

Ai kuwa bai san lokacin da ya ƙetare hanya da gudu ba, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Yana haki ya ce, "Jama'a, ku yi mini rai! Zaurena zai rushe!"

Ɗan daudun nan ne ya fara miƙewa. Ya ture murfi a kan tukunya, ya ɗaure zanensa tamau a ƙugu, ya ce, "Ahayye! Ai tun safe muke jiranka, maigida. Ku tashi mu je!"

Kai, zo ka ga aiki! Bafulatani ya jefar da sanda, mai keke ya bar taya a ƙasa, gwauruwa ta sauke kasko. Suka cike gefen da ba kowa. Ɗan daudu ya ba da murya, "Ku kama! A gwiwa! A kafaɗa! A ka!" Sai jinka ta tashi sama ɗungurungum, ta yi tafiya a kan kawunan mutane, ta zauna a bisa gini daram. Gwauruwa ta rangaɗa guɗa, dangi suka ɗauki ihu, maigida yana tsalle kamar ba dattijo ba. Ba a gama ɗaure igiya ta ƙarshe ba ruwa ya ɓarke.

Nan ƙanensa ya matso ya raɗa masa, "Yaya, ka yi musu godiya su kama gabansu. Me za a ce in aka ga irin waɗannan zaune a zaurenka?"

Maigida ya duba, ya ga mutanen nan biyar sun riga sun juya, za su koma gindin ɗorawa cikin ruwa, domin sun saba ba a ce musu su shigo. Kunya ta rufe shi har ya ji hawaye. Ya fita cikin ruwan, ya tare musu hanya, ya ce, "Kan da ya ɗauki jinka, shi za a hana inuwarta? Da safe na kore ku, ba ku yi mini laifin kome ba. Ku gafarce ni, ku shigo." Ya kama hannun ɗan daudun a gaban kowa, ya kai shi ciki, ya zaunar da shi a kan buzunsa. Aka kawo tuwo, aka ci a akushi ɗaya, ana ta dariya har ruwa ya ɗauke.

Ma'anar wannan misali ita ce: zauren nan ikilisiya ce, jinkar kuwa aikin da Ubangiji ya ba mu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu gindin ɗorawa su ne waɗanda muke tankaɗewa saboda harshensu, ko launin fatarsu, ko don mata ne, ko don yanayinsu da tafiyarsu ba su yi daidai da abin da muka saba ba.

Amma ku lura da kyau, 'yan'uwa. Maigidan nan sai da hadari ya taso ya ga darajarsu. Allah ba haka yake ba. Bai jira mu yi masa wani amfani ba kafin ya ƙaunace mu. Shi ya halicci baƙi da fari, mace da namiji, da wanda muka rasa sunan da za mu kira shi sai na zagi, kuma Almasihu ya mutu domin kowannensu. Wa ya naɗa mu masu tsaron ƙofa a gidan da ba mu muka saya da jininmu ba?

Kowannenmu ya san mutum guda da ke wucewa ta bakin majami'ar nan ran Lahadi, yana jin waƙarmu, yana rage tafiya, sa'an nan ya wuce domin ba wanda ya taɓa ce masa ya shigo. Kada ka jira hadari. Ka je wurinsa cikin makon nan, ka miƙa masa hannu, ka kira shi da sunansa, ran Lahadi kuma ka matsa masa wuri a kan bencinka.