Ɗacin Dalbejiyar Bakin Titi

Dalilin da ya sa ganyen dalbejiya yake da ɗaci, ku matso ku ji, kuma kada wanda ya katse ni, don yau a gajiye nake.

A da can itatuwa suna tafiya. Da motoci suka cika gari sai itatuwan suka raba aiki: kowace bishiya ta tsaya mako guda a bakin titi tana shanye hayaƙi, sannan a karɓe ta, ta je rafi ta wanke ganyenta. Lokacin ganyen Dalbejiya zaƙi gare shi, har kwaɗo ake yi da shi.

Wani mako aikin ya faɗo kanta, a kwanar tasha inda Iya Tabawa take tuya ƙosai. Tsohuwa ce mai ciwon ƙirji, hayaƙi kaɗan yake tayar mata da tari. Dalbejiya ta baza rassa a kanta, ta sha baƙin hayaƙin tifa da na acaɓa har kwana bakwai.

A rana ta takwas Mangwaro ya zo karɓarta. Wata tsohuwar bas ta tusa masa hayaƙi, ya ja sau ɗaya ya yamutsa fuska.

Ya ce, “Yaya, riƙe mini wurin, in sha ruwa a lambu in dawo.”

Ta ce, “Kada ka daɗe, ƙirjina ya cika.”

“Haba Yaya, yanzu-yanzu.”

Kun san yanzu-yanzun mutanen gari. Mako ya wuce, wata ya wuce, damina ta zo ta tafi. Ganyen Dalbejiya ya yi baƙi, rassanta suka yi nauyi, ta gaji iyakar gajiya. Wata safiya ta ce ita ma ba baiwar kowa ba ce, ta zare saiwarta ɗaya za ta tafi.

Tana janye rassa, hayaƙi ya sauko kan Iya Tabawa. Tsohuwa ta kama tari har matsami ya suɓuce daga hannunta. Da ta samu numfashi ta ɗaga kai ta ce, “Tafiya za ki yi, ’yar nan? Je ki, kin yi ƙoƙari. Ni dai ba ni da wani wurin zama.”

Tausayi ya kama Dalbejiya. Ta mayar da saiwarta ta ce, “Bari in ƙara kwana ɗaya, Iya.”

Washegari masu gyaran titi suka zo suka malala siminti kewaye da gindinta. Ta ja, ta ja, ina! Hayaƙin da ba ta samu ta wanke ba ya zauna mata a jiki ya zama ɗaci, ’ya’yanta ma suka gada.

Shi ya sa har yau take tsaye a bakin titi, ganye duk ɗaci, ta karkata tana leƙen hanya. Mangwaro kuwa yana can lambu cikin iska mai daɗi. ’Ya’yansa kawai yake aikowa a kwando, a kasa su a inuwarta.