Yadda Gizo Ya Rasa Haƙoransa

"Wash, bayana! To, ga ta nan, ga ta nanku, guda ɗaya tak, don yau na gaji."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Kai Tanimu, mijin banza, matsa ka daina danne mini ƙafa. Ladiyo, zauna.

Gizo ne dai da halinsa. A lokacin nan yana da haƙora, farare tas, reras, in ya yi dariya sai ka ce an baza shinkafa a faifai. To a bayan gari akwai Kura, tana da rumbu guda cike da kilishi. In iska ta kaɗo ƙanshin, Gizo ba ya iya barci. Amma wa zai je? Kura na kwance a bakin rumbun, haƙoranta ko ƙashin raƙumi suka kama sai ya zama gari.

Rannan Gizo ya ce wa matarsa, "Ƙoƙi, kilishin nan nawa ne."

Ƙoƙi ta ce, "Malam, ka rufa mana asiri. Ni na gaji da ɗinke ka."

Ya ce, "Ai ba da Kura zan yi faɗa ba, da haƙoranta zan yi."

Da safe ya tafi, ya tarar da Kura tana goge baki da aswaki, don kullum safe da dare sai ta yi. Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, me nake gani haka? Uwar daji guda tana tauna itace kamar akuya? Wallahi jiya a bakin rafi da ke ake ta dariya."

Kura ta ce, "Ni?"

Ya ce, "Ke fa."

Ta yi wurgi da aswakin cikin ciyawa. Gizo ya ce a ransa, tarko na farko ya kama, saura biyu.

Da yamma ya hau bishiya ya sato zuma a amyar mutane, ƙwarya guda, ya kai mata. Ya ce, "Ga abin da manya ke sha. Amma ba haɗiyewa ake yi ba. A kunci ake ajiyewa a kwanta da shi, kada a kurkure baki, sai ya narke da kansa."

To Kura wawuya ce, amma ta san Gizo. Ta ce, "A gidanmu wanda ya kawo abu shi ke fara ci. Zauna nan, ka cika naka kuncin in gani."

Gizo ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne." Ya cika kunci da zuma, ita ma ta cika. Ya zauna har ta fara minshari, sannan ya jawo ƙafa ya koma gida.

Ƙoƙi na bakin ƙofa da aswaki da ruwa a moɗa. Ta ce, "Malam, ungo, goge bakinka."

Ya ce, "Haba Ƙoƙi, na gaji. Gobe."

Ya faɗi a tabarma da zaƙin a bakinsa. Haka aka yi ta yi, kullum zuma, kullum Kura ta ce fara ci, kullum ya ce wa Ƙoƙi gobe.

Ladiyo, me kika ce? Me zuma ke yi wa haƙori? To ai shi zaƙi ba ya kwana shi kaɗai. Akwai wasu 'yan ƙananan halittu a bakin kowa, ido ba ya ganinsu. Kana barci su suna cin ragowar zaƙin nan, suna zubar da tsami a kan haƙori, tsamin yana cin haƙorin sannu sannu har ya yi kogo. Ki bar katse ni, numfashina ba shi da yawa.

Da Gizo ya ga baƙi ya fara fitowa a haƙoran Kura, sai ya kawo na uku, tsamiya da lemon tsami cike da kwando. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan shi ke wasa haƙori. A wuni ana tsotsa, in an gama a dirje da yashi."

Kura ta ce, "Fara."

Gizo ya yatsine fuska ya tsotsa, haƙoransa suka mutu, ya ɗebi yashi ya dirje. Ku kuwa kun san farin sulɓin nan da ke bayan haƙori, shi ne rigarsa. Tsami na tausasa shi, yashi na kankare shi, kuma in ya tafi ba ya dawowa.

Ya koma gida. Ƙoƙi ta ce, "Malam, ko ruwa ne ka kurkure."

Ya kai moɗar baki, ruwan sanyi ya taɓa haƙori, ya yi tsalle ya ce, "Wayyo! Wa ya sa allura a ruwan nan?"

Ƙoƙi ta ce, "Ba allura ba ce, haƙorinka ne ke kuka. Ka bar zuwa gidan Kura haka nan."

Ya ce, "Ana gab da gamawa? Gobe."

Ƙoƙi ta ajiye aswakin a kan danga. Ta gaji, ni ma da ni ce da na gaji.

Ana nan, wata safiya Gizo ya je ya tarar da Kura kwance, kumatu sun kumbura, hawaye na zuba, ƙudaje na bin bakinta. Ta ce, "Gizo, kai ka yi mini wannan." Ta yunƙura ta cafke shi a tsakiyar baya. Sai ji kake ɓurus! Haƙoran suka zube a ƙasa kamar ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Gizo ya zame ya fito, ko ƙwarzane babu, sai yawu.

Kura ta koma ta kwanta ta ce, "Kwashe ka tafi. Me zan yi da kilishi yanzu?"

Gizo ya yi ta jida har rana ta faɗi, ya cika ɗaki. Ya tara Ƙoƙi da 'ya'yansa, ya zauna a tsakiya ya harɗe, ya ce, "Kowa ya tsaya, maigida ne zai fara." Ya zaɓi mafi kauri, mai yaji da ƙuli, ya kai baki ya gatsa.

Ƙaras!

Ya tofa a hannu, haƙori ne. Ya ce, "Wannan dama yana girgiɗi." Ya juya ɗaya gefen ya gatsa. Ƙaras! Ya gwada na gaba, su ma suka biyo kilishin suka fito. Ya kai harshe ya zagaya bakin nan, ba komai sai dasashi.

Ya ce, "Ƙoƙi, ina aswakin nan?"

Ta ce, "Yana kan danga, Malam. Me za ka goge?"

Ta raba wa yara, suka yi ta tauna a gabansa, ƙurus ƙurus, har kilishin ya ƙare. Shi kuwa ya ɗauki ɗan guntu ya hau can kusurwar rufi yana tsotsa yana kuka. Shi ya sa har yau in kun ga gizo ya kama ƙuda, ba ya taunawa, tsotsa yake yi.

To kun ji. Wanda ya kwana da zaƙi a baki, ya ce aswaki sai gobe, ranar da abin daɗi ya zo hannunsa sai dai ya kalli wasu suna ci. Kuma muguntar da ka dafa wa wani, da bakinka za ka fara ɗanɗana ta.

Ƙungurus kan kusu, shi ma kusun da haƙoransa yake cin abinci.

Kai Tanimu, tun da na fara nake kallon kuncin nan naka ya yi tudu. Alewa ce, ko ba ita ba? Tofar. Ga aswaki can a kan randa, kowa ya ɗauka. A'a, ban ji ba, me ka ce? Gobe?