Filayar Kafinta da Haƙorin Auta

Akwai wani kafinta a layinmu, na bar shi da baƙin gashi, na dawo na tarar ya yi furfura. A bakin matarsa na ji labarin nan.

Mutum ne da ba a gaya masa magana. Autarsa na shekara bakwai ta fara famfara, sai sabon haƙori ya leƙo ta bayan na nono, tsohon bai kai ga faɗuwa ba. Haƙora biyu a jere, gaba da baya.

Yana gani ya ɓata rai.

"Wannan na bayan ƙari ne. Ji yadda ya karkace kamar ƙusar ɗan koyo."

"Maigida, ka bar shi," in ji matar. "Na gaban ne zai fita, har ya fara girgiɗa. Haka yayanta ya yi."

"Ke da wa kuka yi karatun likita? Miƙo min filaya."

Ta ƙi. Ya ɗauko da kansa, ya goge ta a jikin wando, ya matse yarinyar tsakanin gwiwoyinsa a kan bencin aiki. Tana ihu tana kiran uwarta, yana cewa, "Yi shiru, ragguwa! Wani zai fito."

Haƙorin ya fito da jini har kan katako. Ya ɗaga shi yana nuna wa maƙwabta yana dariya.

Ba a jima ba na nonon ya faɗi da kansa tana cin abinci. Aka zuba ido. Shekara ta zagayo, dasashi fayau. Da aka je asibiti, likita ya leƙa bakin ya ce, "Wanda kuka cire shi ne na dindindin. Babu na uku."

Yara suka sa mata suna Taga. Ta daina dariya sai hannunta na kan baki.

Yanzu ta zama budurwa. Kwanan baya uban ya same ta a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, zo mu je a sa miki na roba. Buɗe in ga wajen."

Ta ja baya.

"Baba, hannunka ba zai sake zuwa kusa da bakina ba."

Ya koma shago, ranar ko ƙusa ɗaya bai buga ba.

Darasi: Haƙorin nono shi ya san lokacin fitarsa, kuma bakin yaro ba katako ba ne. In abu ya shige maka duhu, saurari mai gaya maka, ko ka kai asibiti. Ku tura wa duk mai ɗan da ke famfara, musamman iyaye maza masu saurin hannu.